Safaya a cikin but ba aikin sukuru da igiya ba ne

Kai yaro na ga saƙonka. Wai an kawo Prado, mai ita yana so a cire safaya daga ƙofar baya a mayar cikin but saboda ƙofar ta fara saki, kuma kana tambaya ko ka huda ƙasan but ɗin ka ɗaura sukuru huɗu ka ƙara da igiya. Shekara uku kana garejina kana min wannan tambayar? Ajiye diril ɗin nan tukuna.

Sukuru huɗun da ka ambata su suka ci min janareton walda, shi ya sa ma na zauna ina rubuta maka, da ba haka ba sai dai ka jira na dawo.

Lokacin ina Farin Gada ne a Jos, ban daɗe da buɗe wajen kaina ba. Wani Alhaji mai harkar kuza ya kawo Land Cruiser 80, irin wadda safayarta ke ƙarƙashin mota ana sauke ta da sarƙa. Kullum yana daji wajen Barkin Ladi, duwatsu suna dukan tayar, taɓo ya cinye sarƙar, ranar da ya yi faci sai da suka kwana biyu kamar masu haƙar rijiya kafin ta sauko, inji shi. Ya ce a cikin but yake so. Na ce to Alhaji aikin yini ne, zan haɗa ƙarfe, in sa faranti ta ƙasa, in je Dilimi in sayo noti masu kyau. Da na faɗi kuɗi sai ya yi dariya, wai don ɗaure taya ɗaya? Ranar Alhamis ce bayan la'asar, gobe da asuba zai Abuja, ya ce in dai kama masa ita kawai, in ya dawo a yi mai kyau ɗin, ya rantse ya maya. Ni kuma a lokacin ina ganin babban kwastoma ne kar ya kufce min. Na lanƙwasa ƙarfen angul guda, na ɗaura sukuru huɗu a falen ƙasa, na ja da igiya. Rabin kuɗi ma ya ba ni.

A gangaren Hawan Kibo tirela ta tsaya a gabansa ya taka birki da ƙarfi. Falen ya yage kamar gwangwanin madara, taya ta taso ta karya bayan kujera, ta fasa gilashin gefe, yaronsa da ke zaune a baya ta goge shi a kafaɗa. Allah Ya tsare ba a kai ba. Ranar Litinin sai ga Alhaji da ɗan sanda, a gaban yarana, a gaban maƙwabta, ya ce shi cikakken aiki ya biya ni na ha'ince shi. Mutumin da ya ce in kama masa kawai! Ba takarda, ba shaida, wanda ke wajen ranar direbansa ne, ka san ba zai ƙaryata mai ba shi abinci ba. Gilashi, kujera, kuɗin asibiti, duk ni. Na sayar da janareto, wata bakwai ina zuwa aron wuta wajen wani da ni na koya masa riƙe hodar walda. Har yau in mun haɗu a masallacin Juma'a sai ya miƙo min hannu yana murmushi, ko kunya babu, cikon kuɗina kuwa ko maganarsa bai taɓa yi ba.

To ka ji. Tayar jif da rim ɗin ƙarfe tana kai kilo 30, wata ta wuce, falen ƙasan but kuma bai cika kaurin milimita 1 ba. A tsaye kana ganin ta kamu, ka girgiza da hannu ba ta motsi, amma a karo nauyin nan ninkuwa yake yi sau da yawa, kuma gaba za ta yi, inda ƙeyar mutane take.

Kafin komai ka shiga ƙarƙashin motar da tocila. Wasu Prado masu safaya a ƙofa suna da tankin mai na biyu a baya, daidai ƙasan inda kake shirin hudawa, ga fayif ɗin birki ga wayoyi. In dole sai ka huda, zura guntun fayif a bakin diril ya rage tsawon da bai wuce kan yatsa ba. Amma in motar tana da kujerun layi na uku kuma mai ita ya yarda a cire, ramukan notinsu ka nema, kamfani ya riga ya ƙarfafa wajen don ya riƙe mutum, ya fi duk ramin da za ka yi.

Inda ka huda da kanka, faranti ta ƙasa, kauri milimita 4 ko 5, faɗin tafin hannu, ka goge kusurwoyin kar su yanka falen. Bol mai lamba 8.8 a kansa, kauri milimita 10 ko 12, da noti mai roba a ciki wanda gargada ba ta kwance shi. Na buhu da ake aunawa a kwano ban son ganinsu. Kuma kar wayo ya sa ka zarce da bol har cikin shasi, bodi a kan roba yake zaune, kowanne da motsinsa, in ka haɗe su falen zai tsage.

Tayar ta tsaya a jikin bango, nauyinta a ƙasa, ƙarfen da za ka haɗa ya kama ta da noti uku ta ramukan rim, da tokari ta gaba. Bawul ya kallo waje don mai faci ya samu gwada iska ba sai an kwance ba. Awo da yanka da fenti ba zan ɓata baki ba, wanda bai iya wannan ba ya koma sayar da rake. Walda a waje za ka yi, ba a kan kafet ɗin mutane ba, ramukan kuma ka toshe da gam, in ba haka ba ƙura da hayaƙin salansa za su dinga shigowa.

Ku yaran yanzu matsalarku kenan, kun kalli bidiyon minti biyu a TikTok kun zama injiniyoyi, kwanciya a ƙasan mota kuma ƙyama kuke kar riga ta ɓaci. Mu sai da muka shekara muna wanke sufana kafin a bari mu taɓa diril.

Gobe da hantsi zan shigo in sha Allah. Ka auna, ka rubuta abin da za a saya. In mai motar ya ce sauri yake, ba shi makullinsa ya tafi da safayarsa a ƙofa yadda ya zo. In ya yarda, ya tura kashi biyu cikin uku ta akawun, kuma ya rubuto a waya irin aikin da ya ce a yi, da hannunsa.