Shin kwanciya bayan dashen ɗan tayi tana taimaka wa ciki ya kama?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekarata 34, kuma shekara bakwai ke nan da aurena ban taɓa samun ciki ba. A bara an yi mini dashen ɗan tayi ta hanyar IVF, wato haɗa ƙwai da maniyyi a wajen jiki sannan a saka ɗan tayin a mahaifa, bai kama ba, kuma har yau zuciyata tana raya mini cewa don na koma wurin aiki kwana biyu bayan dashen ne. Yanzu an sa mini ranar dashe na biyu. Mahaifiyata ta ce in kwanta mako biyu cur, kada in sauko daga gado sai larura ta kama, amma ma'aikaciyar jinya ta ce babu bukatar hakan. Wace magana zan bi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya kawo ƙarshen wannan dogon jira, ya sa wannan karon a dace. Maganar ma'aikaciyar jinya ita ce daidai: kwanciya bayan dashe ba ta ƙara damar kamawar ciki, kuma komawarki aiki a bara ba ita ce ta hana wancan dashen kamawa ba. Ina so ki sauke wannan nauyin daga zuciyarki tun kafin ranar dashe na biyu ta zo.

Shawarar mahaifiyarki ba daga sama ta faɗo ba, domin mu likitoci ne muka fara ba da ita. Bayan haihuwar Louise Brown a Ingila a shekarar 1978, jaririyar farko da aka samu ta wannan hanya, cibiyoyi da yawa sun riƙa kwantar da mace sa'o'i masu yawa bayan dashe, wasu har kwana guda, saboda tsoron kada ɗan tayin ya zamo ya fito idan ta miƙe. Tunani ne mai shiga hankali, sai dai an gina shi a kan zato, kuma da aka zo aka gwada shi bai tsaya da ƙafarsa ba.

Kuskuren yana cikin yadda muke kwatanta mahaifa a zuciyarmu. Yawancin mutane suna ɗaukar ta kamar tulu da aka kife, wanda duk abin da aka saka a ciki zai gangaro ta baki. Ba haka take ba. Mahaifar da ba ta da ciki tsoka ce mai kauri wadda bangonta na gaba da na baya suke haɗe da juna, kamar tafin hannu biyu da aka manne, kuma shimfiɗar cikinta tana da laushi da danƙo. Shi kuwa ɗan tayi na kwana biyar bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, da ƙyar ido zai iya ganinsa, kuma ana ajiye shi ne a cikin ɗan ɗigon ruwa ta wata siririyar roba da ake zurawa ta bakin mahaifa. Da zarar an zare robar, bangon biyu suna rufe shi. Ki ɗauka ƙwayar yashi ce guda tsakanin tafukan hannu biyu masu damshi: ko an ɗaga su, ko an juya su, tana nan inda take. Ƙari a kan haka, a jikin yawancin mata mahaifa tana karkace ne zuwa gaba a kan mafitsara, ta yadda idan mace ta miƙe tsaye mahaifar tana kusan kwance ne. A shekarar 1998 wasu likitoci sun bi diddigin ɗan kumfan iskar da ke shiga tare da ɗan tayi, ta hanyar ɗaukar hoton ciki kafin mace ta miƙe da kuma bayan ta miƙe, suka tarar cewa a fiye da kashi 90 cikin ɗari na matan bai motsa daga wurinsa ba.

Gwaje-gwajen da aka yi a kan sakamakon kansa ma haka suka nuna. A 1997 an kwatanta matan da suka kwanta minti 20 da waɗanda suka kwanta sa'a 24, ba a sami bambanci a yawan ciki ba. A 2007 an kwatanta kwanciyar minti 30 da tashi nan take a Amurka, sakamakon ya zo ɗaya. Wanda ya fi jan hankali shi ne na birnin Balensiya a ƙasar Sifen, wanda aka wallafa a 2013: mata 240 aka raba gida biyu, rabi suka kwanta minti 10, rabi suka tashi nan take, sai aka sami haihuwa a kashi 56.7 cikin ɗari na waɗanda suka tashi, da kashi 41.6 na waɗanda suka kwanta. Ba zan dogara da bincike guda in ce miki tafiya tana ƙara ciki ba, amma idan aka haɗa su gaba ɗaya babu inda kwanciya ta yi rinjaye. Shi ya sa hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a sanar da mata cewa kwanciya fiye da minti 20 ba ta inganta sakamako, ita kuma ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka, ASRM, ta bayyana a 2017 cewa ba ta ba da shawarar kwanciya bayan dashe.

Abin da ke taɓa zuciyata a ɗakin dashe shi ne ganin mace ta sauko daga gado tana taku ɗaiɗai, cinyoyinta a matse, hannunta a kan mara, mafitsara cike tana damun ta, amma tana tsoron shiga bayan gida. Ana buƙatar mafitsara ta cika ne don hoton na'urar duba ciki ya fito sosai lokacin dashe. Da an gama, ki je ki yi fitsarinki hankali kwance, domin hanyar fitsari daban take da hanyar mahaifa. Tari, atishawa, dariya, yunƙurin bayan gida, hawa bene ko shiga mota, babu wanda zai fitar da ɗan tayi a cikinsu. Idan kuma an ba ki maganin furojestaron, wato sinadarin da ke shirya shimfiɗar mahaifa don riƙe ciki, na cusawa ta gaba, za ki riƙa ganin wani farin abu yana fitowa. Ragowar maganin ne, ba ɗan tayin ba.

Ita doguwar kwanciya kuwa tana da nata haɗarin, kuma nan ne nake so mahaifiyarki ta fahimce mu. Magungunan da ake sha a wannan jinya suna ɗaga sinadarin istirojin a jiki, wanda ke sa jini saurin daskarewa, kuma rashin motsi na kwanaki yana ƙara yiwuwar gudan jini ya toshe jijiyar ƙafa, har ya iya tafiya huhu. Furojestaron yana kawo taurin bayan gida, kwanciya kuma tana ƙara shi. Sannan akwai abin da ba a aunawa da na'ura: mace ita kaɗai a ɗaki kwana goma sha huɗu, ba ta da abin yi sai sauraron kowane ɗan motsi na mararta tana fassara shi. Na ga yadda wannan ke cinye mutum, kuma idan sakamako bai zo yadda ake so ba, sai ta koma tana lissafin sau nawa ta tashi.

To, me ke sa dashe ya ƙi kamawa? Mafi yawan lokuta matsalar tana cikin ɗan tayin kansa, musamman idan adadin kuromosom ɗinsa, wato abubuwan da ke ɗauke da gadon halitta daga iyaye, bai zo daidai ba, abin da ke ƙaruwa da shekarun mace, kuma wanda ya riga ya tabbata tun kafin a saka shi a jikinki. Ɗan tayi yana iya kyau a ƙarƙashin madubin likita alhali yana ɗauke da wannan matsala. Bayan haka akwai yanayin shimfiɗar mahaifa da daidaituwar lokacin dashe. Maƙalewar ma ba a ranar dashe take kammala ba, tana faruwa ne a cikin kwanakin da ke biye, kamar yadda take faruwa a jikin matan da ke samun ciki ba tare da jinya ba, suna ta harkokinsu ba su ma san ana yi ba.

A ranar dashe, idan kin ji gajiya ki huta, babu laifi a ciki, don jin daɗin jikinki ne. Washegari ki ci gaba da harkokinki na yau da kullum, har da aiki idan ba na ɗaukar kaya masu nauyi ba ne, ki riƙa ɗan tattaki. Ki guji motsa jiki mai tsanani kamar gudu da tsalle, musamman idan a wannan zagayen aka ciro miki ƙwai, domin ma'ajiyar ƙwai tana kumbura a lokacin kuma tana iya murɗewa. Ki guji jiƙa jiki a ruwa mai zafi sosai, da hayaƙin taba, da duk wani maganin da likitanki bai san da shi ba.

Akwai alamomin da ba a kwanciya a jira su wuce: ciki ya kumbura da sauri, amai ya ƙi tsayawa, fitsari ya ragu sosai, numfashi ya yi wuya, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, zazzaɓi, zubar jini mai yawa, ko matsanancin ciwo a gefe guda na mara. Duk wadda kika gani a cikinsu, ki tafi asibiti a ranar. Idan kuma likitanki ya ba ki umarnin hutu saboda wani dalili da ya keɓanta da ke, ki tambaye shi dalilin, ki bi.

In da hali, ki tafi da mahaifiyarki asibiti a ganawa ta gaba ta ji bayanin da kunnenta, domin kulawa ce ta sa ta faɗi abin da ta faɗa, kuma za ki buƙace ta a makonnin jira. Ki ci gaba da shan folik asid, kuma kada ki dakatar da furojestaron ko da kin ga ɗan ɗigon jini, har sai an yi miki gwajin jini a ranar da aka sa miki, wanda yawanci yakan kasance tsakanin kwana 9 zuwa 14 bayan dashe.