Kada ka kwafi abin da kyaftin ya saka

Jiya ka tare ni da tambaya muna sauri, motar ma'aikata na jira, ban samu na amsa maka ba. Ka ce: "Maigida, kwamfutar jirgi ta san hanya, ga GPS, ga mutanen hasumiya suna ganinmu a rada. Me ya sa sai na sake karanta hanya tun daga farko bayan kai da hannunka ka shigar da ita? Ni sai in ji kamar tuhumarka nake yi." To ɗana, wannan tuhumar ita ce aikin da aka ɗauke ka ka yi, kuma don ita ake biyan ka albashi.

Ranar 3 ga Satumba 1989, wani Boeing 737 na kamfanin Varig ya tashi daga Maraba zai je Belem, a ƙasar Birazil. Tafiyar da aka tsara ba ta kai awa guda ba. A takardar shirin tafiya an rubuta 0270, wato digiri 27 da ɗigo sifili, arewa da ɗan karkata gabas. Kamfanin ya sauya salon rubuta lambar a lokacin da kyaftin yake hutu, shi kuwa da ya gani sai ya karanta 270 ya murɗa na'urarsa a kai. Ka san 270 yamma ce sak. Wannan kuskure ne irin na ɗan Adam, ni ma zan iya yin sa gobe. Abin da ya kashe mutane shi ne mataimakinsa. Da ya dawo daga zagayen duba jirgi, bai tsaya ya karanta takardar da kansa ba, sai ya leƙa na'urar kyaftin ya ga 270, ya saka 270 a tasa. Na'urori biyu suka yi daidai da juna, duka a kan ɓata.

Yanzu ka tuna lokacin da suka tashi: dab da magariba. Rana tana faɗuwa a gabansu, cikin idanunsu. Bafulatanin da ke kora shanu ya san in ka nufi arewa da maraice, rana a hagunka take. Ƙwararru biyu suka zauna suna kallon ta a gaban gilashi, babu wanda ya ce uffan. Da suka ga lokaci ya yi babu Belem, suka sauko ƙasa-ƙasa suna lalube, suka ga wani babban kogi suka ɗauka Amazon ne suka bi shi, ashe kogin Shingu ne, yana ƙara kai su kudu. A lokacin Belem ba ta da rada, babu mai ganin su. Bayan fiye da awa uku mai ya ƙare, suka faɗa ƙungurmin daji cikin duhu da mutum 54, fiye da goma suka rasu.

Za ka ce ai wannan zamanin da ne, kafin kwamfuta ta karɓi aiki. To je ka Kolombiya, Disamba 1995, Boeing 757 na American Airlines daga Mayami zuwa Kali, da kwamfutarsa lafiya lau. Suna gaggawar sauka, aka buga harafin R ana nufin alamar Rozo da ke gabansu, wato tashar rediyo mai nuna wa jirage hanya. Kwamfuta ta kawo Romeo, wata alama can wajen Bogota, aka danna ba tare da an tabbatar ba. Jirgi ya juya hagu cikin duwatsu da dare, suna ci gaba da saukowa. Mutum 159 suka mutu. Kwamfuta ba ta yi ƙarya ba, inda aka aike ta ta nufa.

Na san abin da ke cin ka, don ni ma da shi na taso. An yi mana tarbiyya kada yaro ya gyara wa babba magana a gaban mutane, kuma a gida hakan daidai ne. Amma da an rufe ƙofar ɗakin tuƙi, kunyar nan ka bar ta a waje. Na taɓa saka lambar alama ba daidai ba wata asuba cikin hazon hunturu, ban yi barcin kirki ba. Wani yaro da bai daɗe da gama makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya ba ya ce, muryarsa har tana rawa, "Kyaftin, nisan nan bai yi daidai da takarda ba." Da gaskiyarsa. Na gyara, muka tafi, da muka sauka na saya masa abinci.

Don haka gobe in na gama shigar da hanya, ɗauki takardar ka rufe allona da ita in ka ga dama. Karanta daga takarda zuwa kwamfuta, alama bayan alama, ka duba jimlar nisa da man da aka lissafa. Kafin mu tashi ka faɗa mini da baki inda rana za ta kasance bayan juyin farko. In muna sama na ce zan danna wani canji, kada ka ce "to" sai ka ga layin a allo ya tafi inda muke nufi. Ƙarfe biyar da rabi za mu haɗu a ofishin shirin tafiya, ka zo da alƙalaminka.