Amsa ga 'yar'uwar da ke son daina sayen kayan da aka gwada a jikin dabbobi

Wayyo 'yar'uwa, ina karanta tambayarki ina jin kamar ni ce na rubuta ta. Kin ce kin tsaya gaban kayan shafarki da na wanke-wanke kin rasa ta ina za ki ɓullo musu, ko ki kwashe duka ki zubar ko ki bari su ƙare, kowace kwalba da irin abin da aka rubuta a jikinta, ga kuma mutanen gida suna miki kallon wadda ta rasa aikin yi. Duk na sha wannan, na ƙarshen nan ma shi ya fi ci min rai.

Zancen zubarwa dai ki bar shi, kar ki zubar da komai. Kuɗin ya riga ya shiga aljihun kamfani, zubarwar ba za ta dawo da zomo ko ɗaya ba, almubazzaranci ne kawai. Ki ci gaba da amfani da abinki, wanda ya ƙare ki maye gurbinsa da wanda kika bincika. Ni da sabulun wanka da shamfu na fara don su ke saurin ƙarewa, su jan baki da hoda sai can daga baya.

Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne, hoton zomo a jikin kwalba ba shaida ba ne. Kowa na iya zana zomo ya manna. Akwai wata mata da nake sayen kaya a wurinta ta intanet, mun saba sosai har Anti nake ce mata, in ta kawo sabon kaya ni take fara turo wa. Ta kawo wani man shafawa, kwalba mai kyau, ga ɗan zomo kore a gefe an rubuta cruelty free, wato ba a gwada a jikin dabba ba, da manyan baƙaƙe, ta rantse min ita da kanta ta tabbatar. Da ya iso na nemi sunan kamfanin a jerin Leaping Bunny, shirin da ke tantance kamfanonin da ba sa gwaji a jikin dabbobi, babu, na nema a na PETA, ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi, babu, bayan kwalbar ko adireshin kirki babu. Sai na tura mata saƙo ni da ita kawai, cikin ladabi wallahi, har gaisuwa na yi na tambayi yara, na ce Anti don Allah wace ƙungiya ce ta ba su wannan tambarin. Baiwar Allahn nan ba ta amsa min ba. Hoton saƙon nawa ta ɗauka ta watsa a zauren kwastomominta, da sunana da komai ko rufewa ba ta yi ba, ta rubuta a ƙasa wai ku zo ku ga lauyar zomaye, mutane na fama da kansu ita tana bin kadin ɓera. Suka yi ta turo alamar dariya, wata ta ce ƙoshi ne ya yi min yawa, wata da na sani ido da ido, mun sha zama tare, ita ma sai da ta tofa nata. Ina riƙe da waya hannuna na rawa, na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge, daren nan ban yi barcin kirki ba. Kuma abin da ya fi ƙona min rai ba dariyar ba ce, ita ce fa ta fara amfani da zancen tausayin dabbobi tana tallar kayan, har da ƙarin kuɗi a kai saboda zomon, amma da aka ce kawo shaida sai tausayin ya koma abin ba'a. Har yau ba ta ce min yi haƙuri ba, kuma har yau tana sayar da man. Allah ya isa ban ce ba, amma na bar ta da halinta.

To, ki yi haƙuri na yi nisa. Dalilin da ya sa irinta ke cin kasuwarsu shi ne kalmar cruelty free ɗin ba ta da mai tsaronta, ko a Amurka hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, da kanta ta ce doka ba ta fayyace ma'anarta ba, kamfani na iya rubutawa yadda ya ga dama. Wani zai rubuta ba a gwada wannan kayan a jikin dabba ba, kuma gaskiya ya faɗa, haɗaɗɗen man ne ba a gwada ba, sinadaran da ke ciki kuwa an gwada su ɗaya bayan ɗaya, ko kuma wani kamfanin aka biya ya yi musu. Wani kuma zai ce ba ma gwaji sai inda doka ta tilasta, to wannan "sai" ɗin nan ne ramin yake. Ƙasar Sin ta daɗe tana tilasta gwajin ga kayan kwalliyar da ake shigo mata da su, sai a watan Mayun 2021 ta sassauta wa na yau da kullum irin su shamfu da jan baki bisa wasu sharuɗɗa, amma su man kare rana da rinin gashi da man ƙara hasken fata ba su shiga sassaucin ba.

Ni dai Leaping Bunny na fi yarda da shi, tun 1996 ake yinsa, kuma ba maganar baki suke karɓa ba, sai kamfani ya sa ranar da daga ita babu sauran gwaji, ya karɓo takarda daga masu sayar masa da sinadarai, ya kuma yarda a zo a bincike shi. Na PETA ya fi yawan kamfanoni amma galibi sa hannun kamfanin ne a takardar alkawari. Ba na raina shi, sai dai in na samu suna a na farkon hankalina ya fi kwanciya. Kuma ki nemi sunan a shafinsu, kar ki tsaya ga tambarin kwalba, saboda akwai masu kwaikwayon tambarin, akwai kuma waɗanda suna cikin jerin amma ba su buga shi a kwalba ba.

Kayan wanki da goge-goge su ne masu wahalar, kar wanda ya ce miki tunda daga Turai ya zo shi ke nan. Haramcin gwaji a jikin dabbobi na Tarayyar Turai, wanda ya fara da haɗaɗɗen kaya a 2004, ya kai ga sinadarai a 2009, aka hana sayar da wanda aka gwada gaba ɗaya a 2013, na kayan kwalliya ne da tsaftar jiki, bai haɗa da garin sabulun wanki da ruwan goge ƙasa ba. Birtaniya ce ta hana gwada haɗaɗɗun kayan tsaftar gida a 2015. Ko a kayan kwalliyar ma akwai dokar sinadarai ta REACH da ke iya sa a gwada wani sinadarin da sunan kare ma'aikatan masana'anta, har kotu aka je a kan haka. Shi ya sa a ɓangaren nan na rage yawan kwalabe kawai, ruwan khal da ruwa na goge gilashi da famfo, bekin soda na kankare tukunya da sink, sai sabulun wanke-wanke guda mai tambarin gaske. Amma don girman Allah kar ki haɗa khal da bilic, iskar da ke fita guba ce, kuma kar ki zuba khal a kan mabul, yana cinye shi. Masu cewa a cakuɗa khal da bekin soda kuma, kumfar ce ke burge su, junansu suke kashewa.

In kina da kyanwa ki kula da mayukan ƙamshin nan masu ƙarfi da ake ɗigawa a ruwan mofin, irin su tea tree, suna cutar da kyanwa sosai, hantarta ba ta iya sarrafa su. Tawa in an goge ƙasa sai ta bi ta taka sannan ta zauna tana lasar ƙafa, shi ya sa ko na gida na haɗa ba na sa mata su. Abin haushi a ce garin ceton zomon da ba ki taɓa gani ba kin kwantar da magen da ke kwana a ƙafarki.

Wani abin da zai rikita ki nan gaba, kamfani ƙarami mai tsabta amma uwar kamfanin na gwaji. The Body Shop da aka sani da yaƙi da gwajin, L'Oréal ta saye shi a 2006, mutane suka yi ta faɗa a kai har aka sayar wa Natura a 2017. A nan zauren namu ma an sha musu a kan irin wannan, ni ina saye in shi ƙaramin yana da tambari, wasu ba sa saye, kowa da inda zuciyarsa ta tsaya. Haka kuma ba a gwada a dabba ba daban, babu kayan dabba a ciki daban, jan baki na iya samun tambarin zomo alhali jan nasa carmine ne da ake samu daga wani ƙwaro, man leɓe kuma da lanolin na gashin tumaki ko kakin zuma. In wannan ma ya dame ki sai kin karanta jerin sinadaran.

Mutanen gida kuwa, ni na daina musu da su. Da ina zama in yi ta bayani, in ce gwajin Draize da ake ɗiga sinadari a idon zomo tun 1944 aka ƙirƙiro shi, yanzu ga fatar mutum da ake rainonta a ɗakin bincike irin su EpiSkin ana gwaji a kanta, sai in ga ana hamma. Wanda ya ce min mutane na wahala sai in ce ai sabulun da zan saya ne kawai na canza, ban hana kowa taimako ba, kuma duk mun san hadisin matar da ta kulle kyanwa. Daga nan nake yin shiru.

Magani dai ki sha abinki, wanda likita ya rubuta miki na fata ko na komai kar ki ajiye shi saboda wannan, dokarsa daban ce. Sabon mai kuma ki fara shafa kaɗan a bayan kunne ko cikin hannu ki jira kwana biyu, tambarin zomo ba ya hana ƙuraje. Turaren hammata ne ya fi ba ni wuya, masu bekin soda a ciki ƙona ni suke yi, sai da na koma marasa shi. Ki faɗa mana irin fatarki da gashinki, in da hali ki turo hoton bayan kwalaben da kike shakka a kansu mu duba tare, gaban kwalbar ba ya faɗin komai.