Amsar Gwaggo ga bazawara mai sana'ar rubutu

'Yata, na ga saƙonki. Kin ce tunda kika gama idda kika dawo gaban babanki da yara biyu, kina samun na cefane da rubuta wa 'yan kasuwa tallar kayansu a waya, su turo miki kuɗi ta asusu. Kina tambaya ko al'ada ta yarda, don matan gidan sun fara cewa bazawara da waya a hannu tsakar dare ba alheri ba ne.

Ni dai ban san al'adar da ta hana mace neman na kanta ba. Kakarki, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa taka kasuwar Gujungu ba, amma duk Lahadi man gyaɗarta da ƙuli-ƙulinta suna can. Har yau ina ganinta a tsugune tun asuba tana matsar tunkuza, mai yana tsattsafowa ta tsakanin yatsunta. Da kuɗin nan ta shiga adashi, ta yi mana kayan ɗaki, ta sayi awaki. Malam bai taɓa tambayarta ko sisi ba, don abin da mace ta samu da guminta nata ne. Sai dai ita ni take ɗora wa talla, shi ya sa karatuna ya tsaya a aji uku. Ke taki sana'ar ba ta bukatar kan 'yarki, tana aji abinta.

Rubutun ma ba ke kika fara ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, da Hausa da Fulatanci da Larabci ta yi ta rubuta waƙoƙi, jajojinta, wato malamai matan da ta horar, suna kai wa matan ƙauyuka.

Inda hankalina ya fi tsayawa shi ne uban yaran. Mun saba da an yaye yaro dangin uba su zo su ɗauke, har wasu suna zaton addini ne. A Malikiyya, wadda alƙalanmu ke hukunci da ita, riƙon yaro na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In kin sake aure, riƙon ya koma hannun mahaifiyarki. Ci da sutura da magani kuwa suna wuyan uba. Kada don 'yan kuɗi sun fara shigo miki ki ce masa ya bar shi, kunya ko zuciya ta sa ki ɗauke masa nauyinsa. Wata ƙawata ta yi haka, da ciniki ya tsaya ta koma nema, aka ce ai ita ta yafe.

Surutun matan gida kuma, daren ne ya jawo shi. Ki kai wayar caji da wuri, ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida da hantsi ki yi aikinki kowa yana gani. Ki karanta wa babanki ɗaya ko biyu ya ji da kunnensa. Ran da aka biya ki, ki sayo sabulu da goro ki rarraba, in baki ya ci ido kan ji kunya. Kuma kada ki rubuta wa kowa sai ya ba da rabin kuɗi tukuna.

Daddawata ta kusa nuna. In kin zo ranar Juma'a ki rubuta mini tallarta, amma fa farashin Gwaggo za ki yi mini.