Taransifoma a Jikin Katanga: Tana Kashe Ƙwayoyin Jiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Haya muke a Rikkos, taransifomar unguwa tana daf da katangarmu, ɗakin yara ne ma ya fi kusa da ita. Ƙanwata ta turo min saƙon murya a WhatsApp, wai maganaɗisun da ke fita daga wayoyin wuta yana kashe ƙwayoyin halittar jiki, har ya jawo wa yara sankarar jini. Maigida ya ce surutu ne, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Mu tashi ne?
Maman 'yan biyu, Jos

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ku tashi saboda wannan saƙon. Sai dai ban bi bayan maigida gaba ɗaya ba, don maganar tana da tushe, gishiri ne aka cika mata.

Duk wayar da wuta ke bi tana haifar da maganaɗisu a kewayenta. Wutarmu ta Najeriya tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, shi ma maganaɗisun haka yake kaɗawa. Ana auna ƙarfinsa da maikirotesla. Wannan kaɗawar a hankali take ƙwarai, ba ta da kuzarin da zai tsinka sinadarin gado na DNA yadda hasken hoton ƙashi na asibiti zai iya yi idan ya yi yawa.

To daga ina zancen mutuwar ƙwayoyi ya fito? Daga ɗakunan gwaje-gwaje. Masana kan zuba ƙwayoyin halitta a ɗan faranti su saka su cikin maganaɗisu na awanni ko kwanaki, sau da yawa mai ƙarfin maikirotesla 1,000 ko fiye. Wasu sun ga ƙwayoyin sun ƙara mutuwa, wasu sun ga canji a yadda sinadarin kalsiyam ke shiga da fita, wasu ba su ga komai ba, kuma akwai sakamakon da aka maimaita gwajinsa a wani wuri ya ƙi fitowa. Ki haɗa wannan da gida: a Turai, inda aka auna sosai, matsakaicin abin da ke cikin ɗaki bai kai maikirotesla 0.1 ba, ƙarƙashin manyan wayoyi ma abin kan tsaya ne wajen 20. Iyakar da hukumar ƙasa da ƙasa ta ICNIRP ta sa wa jama'a a 2010 ita ce 200. Sannan mutuwar ƙwaya ba baƙon abu ba ne a jiki, kullum biliyoyi ke mutuwa a tsare wasu su maye gurbinsu.

Batun sankarar jini ne ba zan share ba. A 1979 Nancy Wertheimer da Ed Leeper suka lura a birnin Denver na Amurka cewa cutar kansa ta fi yawa ga yaran da gidajensu ke kusa da wayoyi masu ɗaukar wuta da yawa. Da aka haɗa bincike daban-daban a 2000, sai aka ga haɗarin sankarar jini ya kusa ninkawa ga yaran da ke zaune dare da rana cikin abin da ya haura maikirotesla 0.3 zuwa 0.4. Shi ya sa cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2002 ta sa irin wannan maganaɗisun a rukunin 2B na jerin abubuwan da ake zargi da jawo kansa, wato "mai yiwuwa". Amma gwaji a kan dabbobi bai tabbatar ba, kuma a 2007 hukumar ta ce hujjar ba ta kai a ce shi ne sanadi ba. Cutar kanta ba ta da yawa, gidajen da suka kai wannan adadin ma 'yan ƙalilan ne.

Abin da zai yi miki aiki shi ne tazara. Bango ba ya tare maganaɗisu, kada wani ya sayar miki da fenti ko wani ƙarfe wai kariya. Amma ƙarfinsa na faɗuwa da sauri, kamar ɗumin kaskon gawayi a sanyin Jos, taku kaɗan baya ka daina ji. Ki ja gadon yaran zuwa bangon da ya fi nisa da taransifomar, bai ci ko kwabo ba.

Ni da za a tambaye ni abin da ya fi damuna a garin nan, yashin kuza ne da ake kwasowa daga tsofaffin wuraren wanke kuza na wajen Bukuru a yi gini ko filasta da shi. Wannan yana ɗauke da sinadarin toriyam, haskensa kuwa irin mai taɓa DNA ne da gaske.

A jikin katangarki kuma, wutar ce abin tsoro. Ki duba ko taransifomar tana da shinge mai ƙofa a kulle, ko tana yoyon mai, ko tana tartsatsi idan an yi ruwa, ko akwai wayar da ta yi lanƙwasa ta kusa rufin kwano. Ki hana yara bin ƙwallo cikin shingen, kada a yi shanya a jikinsa. In kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, maigida ya samu mai unguwa su kai ƙorafi a rubuce ofishin kamfanin wuta, su riƙe kwafin takardar.