Amsa ga mai tambayar janareta ko batir

Ɗan'uwa, na ga tambayarka, kana son abu ɗaya da zai riƙe maka gida idan an ɗauke wuta, kuma ka tafi da shi idan za ku kwana a daji, janareta ko akwatin batir mai inbata. Wallahi kamar da ni kake. Irin wannan neman ne ya kai ni hannun wani mai sayar da kayan wuta da har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Mutumin nan rantsuwa ya yi min cewa inbatarsa za ta riƙe firiji da fanka har gari ya waye. Mahaifiyarmu tana allurar insulin, maganin a firiji yake zama. Daren da wuta ta tafi na jona, sai firijin ya fara gurnani, ya yi ƙas, ya tsaya, ya sake, inbata kuma tana ta tsuwa. Ga ni tsugune da tocila a baki ina taɓa bayansa, zafi rau. Kafin asuba batir ya mutu murus. Da na koma masa, wai ni na cika mata kaya! Ina magana yana danna waya. Ko "yi haƙuri" ban samu ba, sai ma ya fara tallata min wata babba. Allah ya isa kawai na ce.

Mai gyara ne ya fahimtar da ni cewa kwampiresar firiji idan za ta tashi tana jan ninki 2 zuwa 3 na wutar da take ci, wani lokaci fiye. Kuma tana son inbata mai rubutun pure sine wave a jiki, wato mai ba da wuta sumul irin ta layi, wanda tawa ba ta da shi. Batirin kuma irin mai dalma ne, wanda ba a so a sha fiye da rabinsa.

Don haka kar ka tsaya a wat kawai, duba Wh, wato yawan wutar da batirin ke iya ajiyewa. Akwati mai 1000Wh, fanka mai wat 50 za ta yi awa 16 ko 17 a kai, don inbata ita ma tana cin nata. Nemi batirin LiFePO4, wani nau'in batirin lithium ne, yana jure caji wajen sau 3000. Dutsen guga da butar lantarki kuwa ka manta da su, kowanne ya kan kai wat 1000 ko ya wuce.

A daji akwatin ya fi, ba ƙara ba hayaƙi. Ka haɗa da farantin sola, amma mai wat 100 da wuya ya ba ka fiye da 80 ko rana ta take.

In wutar ku tana yin kwanaki ba ta dawo ba, akwati kaɗai ba zai kai ka ba, sai da janareta. Don Allah kar ka kunna shi a ɗaki ko gareji ko bakin tanti. Iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari, mutum yana barci za ta tafi da shi. Ka ba shi tazarar mita 6 daga taga da ƙofa. Kuma a sa maka canjoba, wato makunnin da ke raba wutar janareta da ta layi, kar wutarka ta koma kan layi ta kama mai gyara a kan falwaya.

Af, in za ka ajiye janaretan ya daɗe, juye fetur ɗin, yana toshe kabureta. Firijinka wat nawa aka rubuta a bayansa?