Wane itace zan shuka wa ƙudan zumana?

Tambaya: Malam, ina da amya huɗu a bayan gidanmu a wani ƙauye kusa da Ringim. Da an gama girbi sai ƙudan su rasa furen da za su sha, wasu ma su gudu. Ga ruwa yana mana wuya. Me zan shuka?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a sana'ar. Kafin ka nemi iri, zagaya gonarka ka duba kututturan sabara. Ita nake fara ba kowa shawara, domin ƙasa mai yashi irin ta Jigawa ita ce gidanta, kuma ƙananan furanninta masu ruwan ɗorawa suna fitowa lokacin da ciyawa ta bushe. Ba sai ka shuka ba. Idan ta tofo, zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka sare sauran, ka hana a cinna mata wuta lokacin sharar gona. Raina yana ɓaci in ga ana ƙone ta kowace bazara, alhali bincike a Senegal ya nuna jijiyarta tana jawo laima daga can ƙasa, har geron da ke kusa ya amfana.

A bakin shinge kuma ka dasa magarya da farkon damina, ka kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Shekarar farko kaɗai za ta buƙaci ban ruwa.

Kar ka manta da ruwan sha: kasko a inuwa, da 'yan tsakuwa a ciki don kada ƙudan su nutse.